Wa Ke Hawan Wa? Sharhi a Kan Dokin Wuta na Wasan Almara

A shekarar 1974 Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da wasan Dungeons & Dragons a Amurka. Wasa ne na baka da lissafi: mutum guda ke ba da labari, sauran kowa ya ɗauki matsayin jarumi, sai a jefa ɗan lido ya yanke wa kowane yunƙuri hukunci. Cikin dodannin da littafin wasan na 1977 ya tattara akwai wani baƙin doki mai suna Nightmare, wanda kofatansa ke ci da wuta, yana tafiya a sararin sama ɗauke da shaiɗanu da miyagun mahaya. Tun da matasanmu sun fara cin karo da irinsa a wasannin waya da finafinai, wasunsu har suna sha'awar ƙirƙiro nasu da Hausa, ya dace a auna shi kafin a ara.

Asalin wannan dodo wasa ne da kalma. A Turancin yau sunan yana nufin mugun mafarki, kuma rabinsa na ƙarshe ya yi daidai da kalmar goɗiya. Amma a tsohon Turanci wannan rabin ba shi da alaƙa da doki: sunan wata iska ce mai danne ƙirjin mai barci, wato abin da Bahaushe ke kira dannau. Mai zane Henry Fuseli ya haɗa biyun a 1781, inda ya zana aljani zaune a kan mace mai barci, ga kan doki yana leƙowa ta labule. Masu wasan sai suka riƙe dokin, suka saki dannau. Nan ne rauninsa: an ɗauke tsoron daga ƙirjin mutum, an mayar da shi dabbar da za a iya sara da takobi. Gaskiya ne bugun 2014 ya ƙara masa nauyi, da ya ce daga farin doki mai fukafukai ake yin sa, bayan an cire masa fukafukan da azaba. Wannan ya sa muguntarsa ta sami tarihi, mai wasa ya ji tausayi tare da tsoro.

Duk da haka, a ƙasar Hausa dodon zai yi ɗingishi. Doki a wurinmu dabbar daraja ce, ta sarauta da hawan salla da angwanci. Ko wutar kofato ba ta tayar mana da hankali, domin sura ta 100 a Alƙur'ani, Al'adiyat, ta yi rantsuwa da dawakin da ke ƙyasta wuta da kofatansu. Abin da Bature ya zana don ya firgita, kunnen Bahaushe ya fara jin sa ne a matsayin girma.

Tsoron Bahaushe yana wani wuri. A bori, wanda A. J. N. Tremearne ya rubuta littafi a kansa a 1914, mutum shi ne dokin. Namijin da iska ke hawa ana ce masa doki, mace kuwa goɗiya, kuma idan Sarkin Rafi ko Ɗan Galadima ya hau, murya da tafiya da nufi duk sun zama na mahayi. Ba sai mutum ya yarda da bori ba kafin ya ga ƙarfin wannan hoto a fagen adabi. Dokin wuta yana tambayar ɗan wasa ko zai iya kashe shi. Dokin iska kuwa tambayarsa ta fi zafi: idan abokin tafiyarka ne aka hau, wa za ka sara?

Wannan tambaya ba baƙuwa ba ce a Morai da sauran ƙauyukan Talata Mafara, Bakura da Maradun. A watan Fabrairun 2021 aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe, kuma a Satumban shekarar sai da aka katse layukan waya a Zamfara, aka taƙaita zirga-zirgar babura. Abin da ke hana yaro barci a nan ba haniniya ba ce, rugugin babur ne cikin dare. Wanda ke kan babur ɗin kuwa sau da yawa matashi ne da ya taso a daji ko ƙauyen da ba shi da nisa, wanda ƙwaya da fansa da kwaɗayi suka ɗaura wa linzami. Wannan ba ya wanke shi daga laifi, amma yana nuna cewa akwai mahayi a bayan mahayi.

Saboda haka marubucin da ke son gina wasan almara da Hausa ya ari tsarin wasan, ya bar musu dokinsu. Kayan aro ba ya rufe katara. Ya ƙera dodon da ba a cin nasara a kansa da sara kaɗai, sai an gano wanda ke riƙe da linzami an sauke shi. Yaron Mafara da ya buga irin wannan wasa zai tashi da darasin da dokin wuta ba zai koya masa ba: kashe doki ba ya kawar da mahayi, domin gobe zai nemi wani ya ɗaura wa sirdi.