Linzami A Hannun Mai Wasa

Tun zamanin da, mai ba da labari shi ne sarki a kan labarinsa. Wanda ya ga dama ya kashe, wanda ya ga dama ya raya, masu sauraro ba su da ta cewa sai su yi dariya ko su yi tsaki. Gaskiya ne a cikin labarun Hausa akwai waɗanda akan ƙare su da tambaya, a ce, cikin samarin nan uku wa ya cancanci a ba shi yarinyar? Sai zaure ya kaure da gardama. Amma tambayar ba ta zuwa sai labari ya riga ya ƙare, gardamar kuwa ba ta sāke kome a cikinsa. To, a ƙasar Amurka wasu ma'aikata sun ƙago wani irin wasa na kwamfuta wanda yake yin tambayar tun labari yana tsaka, ya kuma yi alkawari cewa amsar da mutum ya bayar ita za ta juya akalar abin da zai biyo. Ko an cika alkawarin nan, shi ne abin dubawa.

Kamfanin da ya shahara da wannan sana'a sunansa Telltale Games. An kafa shi a 2004 a garin San Rafael cikin jihar Kalifoniya, sunansa kuwa ya cika duniya a 2012 saboda wasansa The Walking Dead. Ga yadda wasanninsa suke. Mutum ya zauna gaban allon kwamfuta ko talabijin, yana kallon hotuna masu motsi masu magana kamar majigi. Can sai wani a cikin labarin ya yi wa jarumin magana, amsoshi uku ko huɗu su bayyana a ƙasan allo, da wani ɗan layi yana ƙanƙancewa don nuna lokaci yana ƙurewa. Mai wasa ya danna wadda ya zaɓa. In ya yi shiru har layin ya ƙare, shirun ma amsa ce. Jifa-jifa sai rubutu ya fito a kusurwar allo, yana cewa wane zai tuna da wannan. In an gama kashi guda, sai a nuna wa mutum cikin ɗari nawa ne na masu wasa a duniya suka zaɓi irin abin da ya zaɓa.

A watan Agusta na 2016 kamfanin ya fitar da kashi na farko na wasan Batman, ya yi ta fitarwa har kashi biyar suka cika a watan Disamba, kowanne bai wuce sa'a biyu ba. Batman, watau Mutum-Jemage, ba baƙo ba ne ga Amurkawa. Bob Kane da Bill Finger ne suka ƙago shi, ya fara fitowa a 1939 cikin jaridar zane-zane mai suna Detective Comics, lamba ta 27. Labarinsa yaro ma ya sani a can. Bruce Wayne ɗan attajiri ne a wani birni na ƙage da ake kira Gotham. Yana ƙarami wani ɗan fashi ya harbe uwarsa da ubansa a gabansa cikin wani lungu. Tsohon baran gidansu, Alfred, shi ya rene shi. Da ya girma sai ya zama da rana attajiri mai shiga taro, da dare ya rufe fuska da hular jemage ya fita farautar miyagu, da sharaɗi guda da ya ɗora wa kansa, ba zai kashe rai ba.

Nan ne wahala ta farko take. Jarumin da aka shekara saba'in da bakwai ana ba da labarinsa, halinsa ya riga ya zama zanen dutse, ina zaɓi ya rage wa mai wasa? Ba za a bar shi ya yi kisa ba, ba za a bar shi ya gudu ba, ba za a bar shi ya mutu labari ya tsaya nan ba. Marubutan wasan sun gane haka, suka yi dabara biyu, duk kuwa sun cancanci yabo.

Ta farko, sun mai da nauyin labarin kan Bruce Wayne, ba kan jemagen ba. Tun a kashi na farko Bruce ya shirya liyafa a gidansa don tara wa abokinsa Harvey Dent goyon baya, gama Dent yana neman sarautar magajin gari. Ana cikin haka sai ga Carmine Falcone, uban 'yan ta'adin birnin, ya shigo ba gayyata, ya miƙo hannu a gaisa a gaban manyan gari. Karɓa zubar da mutunci ne, ƙi kuwa jawo gaba ne da mutumin da ba a gaba da shi a kwana lafiya. Gaba kura, baya sayaki. Ba naushi a nan, ba tsalle daga soro, amma zuciyar mai wasa ta fi bugawa a wannan ɗan lokaci bisa ga dukan faɗace-faɗacen da ke cikin wasan. Faɗan ma, in za a faɗi gaskiya, shi ne mafi rauni: a nuna alama a allo, mutum ya danna maɓalli da sauri, in ya kuskure a sāke. Aikin yatsa ne kawai, hankali ba ya shiga.

Dabara ta biyu ta fi ƙarfin hali. A yawancin labarun da aka saba, uban Bruce, Thomas Wayne, likita ne mai alheri, mutuwarsa ita ce hujjar duk abin da ɗansa yake yi. A wannan wasa kuwa sai asiri ya tonu cewa azzalumi ne. Shi da Falcone da magajin gari Hamilton Hill ƙungiya ɗaya suke. Yakan yi wa mutane allurar da ke gusar da hankali, a kai su asibitin mahaukata na Arkham a kulle, shi kuwa ya cinye filayensu. Cikin waɗanda aka yi wa haka har da uwar Oswald Cobblepot, abokin Bruce na ƙuruciya, wanda ya komo yana neman fansa. Mutanen gari suka juya wa Bruce baya, suna ganin barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Daga nan tambayoyin wasan suka sami nauyi na gaske. Ɗan da ya tarar dukiyar da ya gāda ta zalunci ce, yaya zai yi? Ya kāre sunan ubansa a bainar jama'a, ko ya la'ance shi? Wannan ba tambayar jemage ba ce, tambaya ce da magada da yawa suka sani a kowace ƙasa.

To, amma sai a duba abin da ya biyo bayan zaɓin. A ƙarshen kashi na biyu an tara jama'a don muhawarar 'yan takara, miyagu suka afka wa wurin. Dent yana gefe guda cikin hatsari, Selina Kyle, ɓarauniyar nan da ake kira Catwoman, tana ɗaya gefen, Batman kuwa ɗaya kaɗai zai iya kai wa gudunmawa. In ya tafi wajen Selina, sai a ƙona wa Dent rabin fuska da wata babbar fitila, ya zama mai fuska biyu kamar yadda aka san shi a littattafan zane. In ya tafi wajen Dent, fuska ta tsira, a harbi Selina amma ba ta mutu ba. Mai wasa ya saki ajiyar zuciya, yana tsammani ya fisshe abokinsa daga ƙaddarar da aka rubuta masa tun 1942. Ashe ba haka ba ne. Da fuska lafiya ko ƙonanniya, Dent zai hau sarauta, hankalinsa zai rabu biyu, zai zama azzalumi, zai yi gaba da Bruce. Abin da mai wasa ya ceta fata ce kawai.

Haka abin yake kusan ko'ina a wasan na farko. Ko a ba ɗan sanda Gordon takardun shaida, ko a ba 'yar jarida Vicki Vale, hanya guda za a bi. Ko a je wa Hill da hular jemage a tsorata shi, ko a je masa da kwat a lallashe shi, labari ɗaya zai fito daga bakinsa. A kashi na biyar, sa'ad da aka kama Alfred, in Bruce ya tuɓe hularsa don ya cece shi sai ya rasa ɓangaren kunne, in ya ƙi ya kai hari sai Alfred ya rasa ido guda. Tabon ya bambanta, amma masauki ɗaya ne. Hanyoyin suna rabuwa kamar na shanu a bakin rafi, kowace ta zaga kurmi, su sāke gamuwa a mashaya.

Dalilin haka ba ɓoyayye ba ne, lissafi ne. In kowane zaɓi zai raba labari biyu har abada, zaɓi biyar sun haifi labari talatin da biyu, zaɓi goma sun haifi 1,024. Kowanne kuwa sai an rubuta shi, an zana shi, an biya masu murya sun karanta shi. Ba kamfanin da zai iya. Saboda haka ba laifi ba ne a mai da hanyoyi su gamu. Laifin yana wajen rubutun nan na kusurwa da yake cewa wane zai tuna, alhali sau da yawa wanen bai tuna kome ba. Wanda ya buga wasan sau ɗaya ba zai gane ba. Wanda ya maimaita, ya zaɓi akasin na farko don ya ga abin da zai faru, shi zai tarar ramin ƙarya ƙurarre ne. Ga kuma wani aibi da masu saye suka yi ta kuka a kansa tun ranar fitowarsa: hotunan sukan cije, murya ta riga baki, musamman a kwamfutar tebur.

Duk da haka, wanda ya ce zaɓin banza ne bai yi adalci ba, wasa na biyu kuwa shi ne shaida. Sunansa Batman: The Enemy Within, watau maƙiyi na cikin gida, ya fito kashi biyar daga Agusta 2017 zuwa Maris 2018. Tun a wasa na farko, sa'ad da aka kulle Bruce a Arkham, ya gamu da wani majinyaci mai farar fuska da koren gashi, wanda ba a san sunansa ba, ana kiransa John Doe. Duk mai wasa ya san ko wane ne wannan: Joker ne, babban maƙiyin Batman, tun bai zama ba tukuna. A wasa na biyu an sallame shi, ya fito yana neman Bruce da ƙauna irin ta yaro, yana kiransa amini. Wata shugabar 'yan leƙen asiri, Amanda Waller, ta gano ko wane ne Batman, ta tilasta wa Bruce ya kutsa cikin wata ƙungiyar miyagu, ƙofar shiga kuwa ita ce John.

A nan ne marubutan suka ɗaure mai wasa da igiyar da shi ya murza. John yana son wata mace a ƙungiyar, Harley Quinn, ya zauna da Bruce a gidan shayi yana roƙonsa ya koya masa yadda ake zance da mace. Abin dariya ne, abin tausayi ne kuma. Kowace kalma mai daɗi da Bruce ya faɗa masa, mai wasa ne ya zaɓe ta, ya kuma san don a yi amfani da mutumin ne. Har aka kai kashi na huɗu, Bruce ya tarar da John tsaye a kan gawarwakin mutanen Waller, yana rantsuwa kāre kansa ya yi. A yarda da shi ko a ƙaryata shi? Wannan karon hanya ta rabu da gaske. In an yarda, John zai zama Joker mai kwaikwayon Batman, ya ƙera nasa makamai, ya tsaya kusa da shi yana neman a yaba masa, har kisan da yake a jininsa ya raba su. In an ƙaryata, zai koma wajen Harley ya zama mugun da aka sani. Kashi na biyar kusan wasa biyu ne dabam, da wurare dabam da maganganu dabam.

Mai neman aibi zai ce ai ko ta nan masaukin ɗaya ne, Batman ya yi galaba, John ya koma Arkham. Haka ne. Amma bayan faɗa ya ƙare, a hanyar da aka yarda da shi, John yana zaune jina-jina ya tambayi Bruce ko ya taɓa ɗaukarsa aboki da gaske. Ba wanda amsar za ta ceta. Sai dai mai wasa ya shafe sa'o'i yana yi wa mutumin nan daɗin baki da yatsansa, yanzu an ce ya faɗi ko gaskiya ce. Mai kallon majigi yakan ce jarumi ya ci amana. Mai wasa ba shi da wanda zai ɗora wa. Littafi bai iya wannan ba, majigi bai iya ba, a nan ne wasan ya cika alkawarinsa, ko da yake ba alkawarin da ya rubuta a kusurwar allo ba ne. Ya kamata a ambaci Anthony Ingruber, wanda ya ba John murya, gama rabin tausayin daga muryarsa yake.

Zaɓi mafi girma an bar shi ƙarshe. Alfred ya tsufa, hannunsa yana rawa, ya gaji da jiran ranar da za a kawo masa gawar yaron da ya rena. Ya ɗaure kayansa, ya gaya wa Bruce cewa jemagen nan yana haifar miyagun da yake yaƙa. Ko dai Bruce ya ajiye hular har abada, ko Alfred ya fita daga gidan. Mai wasa ya zaɓa, allo ya yi duhu. Wata shida bayan haka, ran 21 ga Satumba 2018, kamfanin ya sallami ma'aikata wajen 250 a yini guda ba tare da kuɗin sallama ba, ya bar 25 kaɗai su ƙarasa abin da ya rage. A 2019 wani kamfani, LCG Entertainment, ya sayi sunan Telltale da kayansa, a watan Disamba ya sāke fitar da wasannin Batman biyun nan da launin baƙi da fari. Labarin kuwa yana nan inda marubutansa na farko suka bar shi, Alfred tsaye da akwatinsa, Bruce yana dubansa.