Masu Shiga Tsakani a Shikago

Fim ɗin The Interrupters na Steve James ya fito a 2011, amma sai kwanan nan muka zauna muka kalle shi. Ba wasan kwaikwayo ba ne. Shekara guda kyamara ta yi tana bin ma'aikatan CeaseFire, ƙungiyar da likita Gary Slutkin ya kafa a Shikago ta Amurka bayan ya yi fama da kwalara a Somaliya. A ganinsa kisan kai annoba ce mai yaɗuwa: a tare ramuwar gayya kafin ta kama na gaba. Masu tarewar kuwa tsofaffin 'yan daba ne da unguwa ta san su.

A nan fim ɗin ya fi ƙarfi. Ameena Matthews, 'yar Jeff Fort, ƙasurgumin shugaban daba, tana kutsawa tsakiyar samari da lulluɓinta, tana yi musu faɗa irin na uwa. Eddie Bocanegra ya yi shekara 14 a kurkuku kan kisan kai, har yanzu abin bai sake shi ba. Amma wurin da ya fi tsaya mana a rai shi ne na Cobe Williams da wani Flamo, wanda ya rantse sai ya rama. Cobe bai yi masa wa'azi ba. Ya bar shi ya zazzage fushinsa, sannan ya ce su je su ci abinci. Shi ke nan aikin: a ja lokaci har zuciya ta huce. James ya kyauta da bai gaggauta yanke wurin ba.

Inda muke da ja shi ne yadda aka bar maganar Slutkin ta wuce ba mai tanka masa. Kiran abin annoba ya ɗauke ido daga rashin aiki da arhar bindiga, alhali ga su nan a kowane titi da aka nuna. Kuma kisan da aka hana ba ya barin gawa, to da me za a ƙirga shi? Fim ɗin ya dogara ga kwarjinin mutum uku, ya bar mu mu yarda.

Mun yarda, sai dai ba duka ba. Daga baya mun ga Flamo ya samu aiki yana murmushi. Mun so a nuna mana ko mutum ɗaya da aka ciyar, ya tashi ya je ya ɗauko bindigarsa.