Talabijin na Dijital da Makomar Wasan Kwaikwayon Hausa

Yarjejeniyar da ƙasashe suka rattaba wa hannu a Janiba a shekarar 2006 ta ajiye 17 ga Yuni, 2015 a matsayin ranar rufe tsohon tsarin watsa talabijin na analog. Nijeriya ba ta cika wa'adin ba. Sai a Afrilun 2016 aka ƙaddamar da gwajin farko a Jos, aka bi da Abuja, daga baya Kaduna da Kano. An yi ta sukar wannan jan ƙafa, kuma sukar tana da hujja. Sai dai akwai tambayar da ta fi shafar ɗalibin adabi: me za a zuba a sababbin tashoshin?

Fa'idar dijital ita ce zangon da a da tasha ɗaya ke cinyewa yanzu yana ɗaukar tashoshi da dama. Don haka akwatin FreeTV ya zo da alkawarin tashoshi kusan talatin. To amma yawan tasha bai taɓa haifar da marubuci ba. Lokacin da Usman Baba Pategi ke fitowa a matsayin Samanja, Kasimu Yero kuma yana tashe a Kaduna, mai kallo ba shi da zaɓi mai yawa, hoton ma yakan zo da yayyafi. Duk da haka gidan talabijin ne ke ɗaukar nauyin wasan tun daga rubutu har zuwa haskawa, kamar yadda aka raini Kuliya Manta Sabo a Kano. Sabon tsari ya raba mai shirya shiri da mai watsa sigina, aka ba injiniya hasumiyarsa, ba a faɗi wanda zai biya mai alƙalami ba.

Masu kallo kuwa ba su tsaya jiran gwamnati ba. Tun 2014 Arewa24 ta shigo ta tauraron ɗan'adam, Daɗin Kowa ya shiga gidaje, Izzar So kuma ya tara jama'arsa a YouTube. Wanda aka bari a baya shi ne mai eriya a kan gora, wanda ba shi da kuɗin data. Siginar dijital ba ta san rabi da rabi ba: ko hoto tangaran, ko baƙin allo. Tsofaffin wasannin nan kuma, duk wanda ke kan kaset har yau, zafi da ƙura ne ke cin sa a ɗakin ajiya.