Hijira Gabas, Hijira Arewa: Birnin Landan a Littafin Ɗayyib Salih

Gabatarwa

Wannan takarda za ta dubi yadda aka siffanta birnin Landan a cikin ƙagaggen labarin nan na Larabci mai suna Mausimul Hijira ilash Shamal, wato lokacin hijira zuwa arewa. Marubucinsa, Ɗayyib Salih, mutumin Sudan ne, an haife shi a 1929, ya rasu a Landan a 2009. Labarin ya fara fitowa a Beirut a 1966, fassararsa ta Ingilishi kuma ta fito a 1969. Za a auna shi da idon mai karatu Bahaushe, musamman na ƙauyukan Sinnar, inda kalmar hijira take da nata tarihin.

Kalmar Hijira

A 1903, bayan Turawan Ingila sun ci Sakkwato, Sarkin Musulmi Attahiru ya nufi gabas da jama'arsa, aka kashe shi a yaƙin Burmi. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da tafiya da waɗanda suka tsira, har suka zauna kusa da Sinnar, a bakin reshen Nilu da ake kira Baharul Azraƙ. Garin da suka kafa shi ne Mai Wurno. Daga baya, da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, Hausawa da Fulani da yawa sun sami aiki a gonakin audugar Jazira.

Saboda haka, a wurin jikokin waɗannan mutane, hijira tana nufin gudu daga Nasara domin tsare addini. Salih kuwa ya juya kalmar, ya sa tauraronsa ya yi hijira zuwa cikin gidan Nasaran. Wanda ya san tarihin Burmi zai ji nauyin sunan littafin tun bai buɗe shi ba.

Jigo da Warwararsa

Mai ba da labarin ɗalibi ne da ya komo ƙauyensu a bakin Nilu bayan shekara bakwai yana karatu a Turai. Ya tarar da wani baƙo, Mustafa Sa'id, yana noma kamar kowa. Wata rana Mustafa ya bugu, sai aka ji yana rera waƙar Ingilishi. Daga nan asiri ya fara tonuwa. An haife shi a Khartum a 1898, shekarar da Kitchener ya ci Omdurman. Ya yi karatu a Alkahira, ya wuce Landan, har ya zama malamin tattalin arziki a jami'a. A can ya mai da neman matan Turawa hanyar ramuwa. Uku daga cikinsu sun kashe kansu, ta huɗu, matarsa Jean Morris, shi ya kashe ta, aka ɗaure shi shekara bakwai.

Babban jigon shi ne illar ilimin da ya cika kai, ya bar zuciya wayam. Mustafa ya ƙware a harshen Turawa, amma bai yi aboki na gaskiya a cikinsu ba.

Landan a Idon Ɗalibi

A adabin Hausa akwai labaran zuwa Ingila. Dorugu, wanda ya bi Barth zuwa Landan a 1855, ya ba Schön labarin abin da ya gani, aka buga shi cikin Magana Hausa a 1885. Abubakar Imam ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi bayan ziyarar 'yan jarida ta 1943. Waɗannan marubuta 'yan kallo ne. Suna kwatanta abin da ido ya gani domin na gida su ƙaru.

Salih bai bi wannan hanya ba. An ambaci tashar Victoria, da dandalin masu jawabi na Hyde Park inda Mustafa ya haɗu da Isabella Seymour, da mashayun Chelsea, da kotun Old Bailey, amma ba a tsaya an siffanta su ba. Wurin da aka siffanta dalla-dalla shi ne ɗakin kwanansa, wanda ya cika da turaren wuta da madubai domin ya sayar wa baƙinsa Afirkar da suke mafarki. Kishiyar wannan ɗaki tana ƙauye: ɗakin jan bulo da ya kulle, cike da littattafan Ingilishi, har Alƙur'anin da ke ciki fassara ce. A Landan ya gina Sudan ta ƙarya, a Sudan ya ɓoye Landan. Waɗannan ɗakuna biyu su ne ginshiƙin zubi da tsarin littafin.

Inda Aka Gaza

Wannan salo yana da tasa asarar. Mai karatu ba ya ganin rayuwar ɗalibi ta yau da kullum, kamar neman masauki, da sanyi, da kewar abincin gida. Matan Landan ma ba su da murya tasu, ta bakin Mustafa kaɗai aka san su. Husna, matar da ya bari a ƙauye, ita ce ta fi su rai. Da aka yi mata auren dole da tsoho Wad Rayyis, ta kashe shi ta kashe kanta. A nan marubucin ya hana mai karatu ɗora duk laifi a kan Turawa, domin wannan zalunci na gida ne.

Kammalawa

Labarin ya ƙare mai ba da shi yana tsakiyar kogi, tsakanin gaɓar kudu da ta arewa, yana neman agaji. Mutanen Mai Wurno sun bar gida domin su riƙe abin da suke da shi, Mustafa ya bar gida ya rasa nasa. Ɗalibin harshe zai amfana idan ya karanta littafin tare da na Dorugu da na Imam, ya lura da abin da kowane matafiyi ya zaɓa ya faɗa game da birnin, da kuma wanda yake faɗa wa.