Daga Dodon Daji Zuwa Maƙwabcin Ɗaki: Nazarin Labaran Ban Tsoro Na Da Da Na Yanzu

Bahaushen unguwar Briqueterie da ke birnin Yawunde ya gaji tsoro iri biyu. Akwai wanda kakanninsa fatake suka sauka da shi a cikin tatsuniyoyinsu, lokacin da suka kafa zango kusa da wurin gasa bulo na zamanin Jamusawa, a yankin da 'yan ƙasa ke kira Ekoudou. Akwai kuma wanda ya tarar a kudancin Kamaru, a bakin maƙwabtansa Ewondo da Bamileke. Yanzu wayar hannu ta ƙaro masa na uku, wato littattafan Kano da ake karantawa a YouTube ana turawa ta WhatsApp, abin da ya sauƙaƙa wa matashin da ya yi boko da Faransanci bai saba da rubutun Hausa ba. Wanda ya ji duka ukun yana da bakin tambaya: tsakanin masu tsorata mu na da da na yanzu, wa ya fi gwaninta?

Gwanayen farko ba su riƙe alƙalami ba. Tsofaffin mata ne da ke tara yara bayan sallar isha'i, har ana gargaɗin cewa wanda ya yi tatsuniya da rana zai ɓata. Frank Edgar ya tattara irin waɗannan labarai a littafi uku tsakanin 1911 da 1913, R. S. Rattray ya buga na Hausawan Gwalkwas a 1913, sannan Ibrahim Yaro Yahaya ya fitar da Tatsuniyoyi da Wasanni a 1971. Wanda ya duba su zai ga tsoron cikinsu yana da mazauni kuma yana da doka. Dodo a bayan ganuwa yake, ko a bakin rafi, ko a ƙungurmin daji. Ba ya cin kowa haka kawai; sai budurwar da ta raina samarin garinsu ta bi kyakkyawan baƙo, ko yaron da ya ƙetare maganar uwarsa. Mai tatsuniya ba ta ɓata lokaci wajen siffanta shi. Waƙa ɗaya da ake maimaitawa, kowane karo muryar na ƙara matsowa, ta isa ta sa yaro ya ƙanƙame zanen kakarsa. A ƙarshe Auta ya halaka Dodo, a rufe labari, kowa ya kwanta.

Da aka shirya gasar rubutu ta 1933 ƙarƙashin Rupert East a Zariya, aljanu sun shigo takarda, amma sun bar firgicinsu a ƙofa. A Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, abin da mai karatu ke jira shi ne ramuwar gayya tsakanin Alhaji Imam da Malam Zurƙe, dariya ta rinjayi fargaba. A Ganɗoki na Bello Kagara, ƙasar aljanu fagen nuna jarumta ce. Haka Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa ya bi sawu daga baya. Gwarzon da aka san ba zai faɗi ba kuwa, ba a jin tsoro dominsa.

Littafi ɗaya ya fita daban, shi ne Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East. Babu Dodo a cikinsa. Attajiri Malam Shehu ya raba Abubakar da masoyiyarsa Zainabu, shi kuwa Abubakar ya shiga duniya neman asirin ramuwa. Asirin bai faɗa kan attajirin kai tsaye ba, sai ya faɗa kan ɗansa Kyauta, wanda ya tashi ɓarawo har hannunsa ya zama ajalin mahaifinsa bisa rashin sani. Abin da ke tayar da tsikar jiki a nan shi ne mai karatu ya fara da tausayin Abubakar, sannan ya wayi gari yana kallon wanda aka zalunta ya zarce azzalumin mugunta.

Marubutan zamani, tun daga bunƙasar adabin kasuwar Kano a shekarun 1990, wannan hanyar suka faɗaɗa. Cikin tarin littattafan soyayya, irin su Nazir Adam Salih mai Kibiyar Ajali da Maje El-Hajeej Hotoro mai Sirrinsu sun nuna cewa labarin al'ajabi da firgici ma yana da masu saye. Waɗanda suka biyo bayansu a intanet sun kammala ƙaurar tsoro daga daji zuwa cikin gari. Yanzu abin gudun yana ɗakin kwanan ɗalibai, ko gidan haya mai arha fiye da kima, ko ɗakin da alhaji ya hana matansa buɗewa. Mugun kuwa kishiya ce, ko aminin kasuwanci, ko ƙungiyar asiri da ke neman jinin ɗan fari. Fim ɗin Living in Bondage na 1992 ya taimaka wajen yaɗa wannan jigo na kuɗin tsafi. Irin wannan ƙaura ta faru a adabin Turawa ma: Dracula na Bram Stoker a 1897 daga tsohuwar fada a tsaunukan Taransilbaniya ya taso, amma Carrie ta Stephen King a 1974 'yar makarantar sakandare ce da ƙawaye suka addaba.

Mazaunin Briqueterie ba baƙo ba ne ga wannan sabon tsoro. A Kamaru an daɗe ana maganar famla ko nyongo, wato zargin cewa wani ya sayar da ɗan'uwansa, ya mutu a idon jama'a, alhali yana can yana yi masa bauta a ɓoye, ana ma danganta wurin da dutsen Kupe. Masanin nan Peter Geschiere ya nuna a littafinsa na 1995 cewa irin wannan zargi ba ragowar duhun kai ba ne, ƙaruwa yake yi inda arzikin dare ɗaya ya zauna kusa da talauci. Marubucin Kamaru Mutt-Lon ya gina ƙagaggen labarinsa na 2013, Ceux qui sortent dans la nuit, kan saurayin da ya shiga cikin masu fitar dare saboda mutuwar ƙanwarsa, littafin kuma ya ci kyautar Ahmadou Kourouma a 2014. Ya yi abin da marubutanmu kaɗan ke yi: ya shigar da mai karatu cikin zuciyar mayen, ya tsara wa maitar ƙa'idojinta, bai kuma karya su ba.

Idan aka ɗora su a ma'auni, na yanzu sun fi iya taɓa inda ke mana ciwo. Babba ba ya tsoron Dodo, amma yana tsoron hassadar ɗan'uwa. Sai dai suna da rauni uku. Na farko tsawaitawa: tunda a intanet shafukan farko kyauta ne sauran sai an biya, labarin da ya kamata ya ƙare a babi goma sai ya kai ɗari, tsoro kuwa kamar yaji yake a tsiren Briqueterie, in ya yi yawa harshe ya daina jin komai. Na biyu dogaro da jini da ƙwarangwal a inda shiru zai fi aiki. Na uku ƙarshe mai arha: bayan marubuci ya ɗaure labari tamau, sai ya kira malami ya yi ruƙiyya, aljani ya yi ihu ya fita a shafi guda. Addu'a takobin mumini ce, babu musu, amma a fasahar labari dole jarumi ya biya farashin kuskurensa kafin sauƙi ya zo.

Akwai kuma nauyin da ke wuyan na yanzu wanda bai hau kan na da ba. Babu wanda ya taɓa jifan maƙwabcinsa don ya ji labarin Dodo. Amma labarin da kullum yake mai da tsohuwa marar ɗa mayya, ko ɗan wata ƙabila matsafi, yana iya fita daga waya ya shiga lungu. A Kamaru, inda sashe na 251 na dokar hukunta laifuka ya tanadi ɗaurin shekara 2 zuwa 10 kan aikata maita, a unguwar da ƙabilu ke raba famfo ɗaya, wannan ba wasa ba ne.

Hukuncina shi ne na da sun fi iya sarrafa labari, na yanzu sun fi sanin abin da ke hana mu barci. Marubucin da ke son ya gagara sai ya karɓi jigonsa daga titi, ya karɓi taƙaitawa da kiyaye doka daga tsofaffin mata, sannan ya karɓi darasin Jiki Magayi: kada ya nemo mugu daga nesa, ya nuna mana yadda mutumin kirki ke zama shi, mataki bayan mataki.