Marubucin da Ya Iya Tsayawa Gaban Jama'a

A garuruwa irin su Gude, da ƙauyukan da ke tsakanin Kabo da Gwarzo, littafi ya fi shiga ta kunne. Mutum ɗaya ne zai saya, ko ya karɓo haya, sai a zagaye shi a zaure ko a tsakar gida yana karantawa, har waɗanda ba su yi boko ba su san labarin ciki da waje. Shi ya sa nake jinjina wa marubucin da ya iya miƙewa gaban jama'a ya gabatar da littafinsa da bakinsa. Ya gane inda kasuwarsa take.

Abin yana da asali. Waƙar Imfiraji ta Aliyu Namangi, makahon malamin nan na Zariya, rerawa ce ta kai ta lungu da saƙo, ɗab'i ya taras da ita a bakin mutane. Aƙilu Aliyu ma da muryarsa aka fara saninsa, sannan aka nemi littafinsa Fasaha Aƙiliya. Ko a Ingila, tun 1858 Charles Dickens ya shiga karanta labaransa a manyan ɗakunan taro, mutane na biyan kuɗi su saurara. Da marubutan Kano suka ɓullo, su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino mai In Da So Da Ƙauna da sauran 'yan ƙungiyar Raina Kama, ba wani babban kamfani a bayansu. Su ne masu rubutu, su ne masu kai wa maɗaba'a, su ne masu talla. Wanda ya zuba kuɗinsa a ɗab'i dole bakinsa ya buɗe.

To amma buɗe baki daban, iyawa daban. Gwani tun a gida yake zaɓen shafin da zai karanta, kuma da wuya ya zaɓi na farko, domin farkon littafi shimfiɗa ce. Sai ya nemo inda rigima ta kunno kai, inda uwargida ta ji labarin za a yi mata kishiya, ko inda saurayi ya taras da wani a ƙofar gidan budurwarsa. Yakan bi shafin da alƙalami ya datse doguwar jimla, saboda abin da ido ke haƙuri da shi kunne ba ya jira. Idan tsohuwa ce ke magana sai ya sassauta murya, idan ɗan kasuwa ne ya ƙara sauri, ba tare da ya mai da kansa ɗan wasan kwaikwayo ba. Idonsa na kan mutane fiye da kan takarda.

Babban sirrin kuwa shi ne inda zai tsaya. Daidai lokacin da masu sauraro suka miƙa wuya, sai ya rufe littafin. Mai tsire ɗanɗano yake ba ka, ba ya ƙosar da kai. Wanda ya ce "Malam, to sai aka yi yaya?" hannunsa ya riga ya kama hanyar aljihu.

Sannan akwai sanin mahalli. Jawabin da zai karɓu a Jami'ar Bayero ba shi za a kai wa ɗaliban sakandare a Gwarzo ba. A karkara sai an fara gaida mai gari da liman da dattawa, kowa da girmansa. Idan littafin na soyayya ne, wani dattijo zai tashi ya ce irin waɗannan ne ke ɓata tarbiyya. Marubutan Kano sun sha wannan zargi shekara da shekaru. Gwani ba ya harzuƙa. Zai ce, "Baba, Allah ya ƙara girma," ya buɗe wurin da littafin ya nuna illar auren dole ko cire yarinya daga makaranta, ya bar dattijon ya yi hukunci da kansa.

Wannan ya sha bamban da bikin ƙaddamarwa da muka saba gani, inda attajiri zai sayi kwafi biyu da kuɗi mai tsoka, a yi tafi, a watse ba wanda ya ji ko layi ɗaya. Kuɗin na rage wa marubuci bashin maɗaba'a, ba na raina shi. Sai dai waɗancan kwafi biyun a kanta za su ƙare, alhali wanda ɗaliba ta saya bayan ta ji karatu zai zaga gida biyar kafin bangonsa ya yage.