Yabon Von Rosen Da Abin Da Aka Tsallake

Masu ba da labarin yaƙin Biyafara sukan yabi Carl von Rosen, matuƙin jirgin sama ɗan Suwidin, kamar Dauda a gaban Goliyat. Yabon yana da tushe. Jiragen gwamnatin Nijeriya sun zuba bam a kasuwanni da asibitoci, shi kuwa ya gani da idonsa sa'ad da yake kai wa mayunwata abinci a 1968. A watan Mayu 1969 ya komo da ƙananan jirage biyar, ya farfasa jiragen Nijeriya a ƙasa, a Fatakwal da Binin da Inugu. Biyafara ta yi murna, Legas ta sha kunya.

Amma labarin da ya tsaya nan bai cika ba. A filin jirgi na Kwatano jiragen Red Cross suke tashi da abinci zuwa Uli. Da mai kai agaji jiya ya zama mai kai hari yau, sai zargi ya hau kan kowane jirgin jinƙai. Ran 5 ga Yuni 1969 jirgin yaƙin Nijeriya ya harbo na Red Cross, mutanen ciki suka mutu. Red Cross ta tsai da jigila. Nijeriya ta ɓata sunanta a duniya, abincin Biyafara ya ragu ƙwarai, ko da yake jiragen ikilisiyoyi sun ci gaba daga Sao Tome.

An ce kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. A nan kuwa bakin yara ne ya ƙone. Mai yabon jarumi ya kamata ya ƙidaya su ma.